Shekarar da Tsuntsayen Daji Suka Shigo Gidanmu

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Tankin ruwan da ke bayan ɗakina a nan Tarauni ya fara yoyo tun shigowar bazarar bana, ni kuma na hana a kira mai gyara. Da hantsi, idan zafi ya fara cizo, nakan ja tabarma in zauna kusa da shi. Ruwan yana ɗiga a kan wani fasasshen bulo, ƙasar wurin ta yi baƙi, tana fitar da ƙamshin nan da busasshiyar ƙasa kaɗai ke yi idan ta sha ruwa bayan dogon ƙishi. Shekaranjiya wani ɗan bainu ya sauko, ja kamar an tsoma shi a galura, ya sa baki, ya ɗaga kai sama. Ban san lokacin da na ce masa, "Sannu da zuwa, ɓarawo," ba. Haka Iya take gaishe su.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. An kawo ta gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi a shekarar da aka canza kuɗi, bayan damina ta juya wa mutanen arewa baya. Ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba a lokacin, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare, ina dawowa gida kafin azahar. Unguwar ba ta cika ba tukuna. Gidaje jefi-jefi ne, tsakaninsu filaye da kututturan dawa, kuma daga ƙofar gidanmu ana hango kukokin Tarauni da gonakinta. Baba direban babbar mota ne, gyaɗa yake ɗaukowa daga ƙauyuka. A shekarar nan babu gyaɗar ɗauka. Motar ta fi kwana a ƙofar gida, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Shi ya je ƙauyenmu, can arewa da Ɗambatta, ya tarar rijiyoyi sun ja baya, rumbuna a buɗe, Iya tana dafa busasshiyar tafasa ita kaɗai a tsakar gida. Ya sa ta a gaban mota ba da son ranta ba. Abin da ta zo da shi bai wuce ƙunshin zannuwanta ba, sai wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka, cike da irin gero gauraye da toka.

Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Idan ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska wajen bango ta neme ni.

"Malama, gaya wa mai motar nan na kwana lafiya. Ki kuma tambaye shi yaushe zai mai da ni inda ya ɗauko ni."

"Baba, wai ta kwana lafiya."

"Sauran fa? Ko a makarantar taku rabin saƙo ake koyarwa?"

Baba yakan sunkuyar da kai yana murmushi. "Safiya, ce mata ta yi haƙuri. Babu komai a can. Mutane ma fitowa suke yi."

"Ce masa ni ba mutane ba ce."

Da farko dariya muke yi. Daga baya muka daina. A gidan namu ma tukunya ta ragu. Koko da safe, tsararo har kana ganin gindin ludayi, da rana ɗan garin rogo da ƙuliƙuli, tuwo sai da magariba. Umma, mahaifiyata, takan tsaya a kan tukunya tana yanka malmala tana sake rage ta. Iya kuwa loma biyu take yi ta tura wa ƙannena akushin. Zanenta ya fara zagaye ta fiye da da. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar gida a hargitse, ba Iya ba ƙunshinta. A bakin titi aka same ta, tulun iri a ka, tana tambayar masu kekuna hanyar tasha. Ranar na ji Baba yana gaya wa Umma a zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa, "In ta koma can, ba za ta ga kaka ba. In ta zauna nan a haka ma, ban sani ba."

Da la'asar na zauna ina matsa mata ƙafa, na tambaye ta abin da muka rage ta da shi.

"Gidan nan kurma ne," ta ce. "In kwanta in tashi, ba abin da nake ji sai rediyon maƙwabta da ƙarar kwanon rufi in rana ta dake shi. Ko kurciya ba ta kuka a nan."

"Iya, ke da kika ƙarar da ƙuruciyarki wajen korar tsuntsaye?"

"Tun ina 'yar mitsitsiya nake kan rumfar gona, ina jan igiyar gwangwanaye, ina ihu har murya ta dishe. Ɓarayi ne, 'ya'yan ɓarayi. Amma da su na saba tashi. Shirun nan ne yake tsaya mini a wuya, tuwon ya ƙi wucewa."

"In na kawo miki su fa, za ki zauna?"

Ta dube ni ta gefen ido. "Ke? Da alli za ki zana su a bango?"

"In na kawo?"

"Ki kawo mu gani."

A bayan ɗakunanmu akwai wani lungu mai ɗan faɗi, tsakanin gini da katanga. Wata tsohuwar kanya ce a wurin, tun zamanin da filin yake gona. Baba ya ƙi sare ta da zai yi gini, ya ja ɗakunan gaba ya bar mata wurinta. Inuwarta tana da duhu, rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗan lokaci da hantsi, ta gefen katanga. Umma ta taɓa gwada kuɓewa da yakuwa a wurin, suka fito sirara, suka yi rawaya, suka kwanta. Daga nan lungun ya zama ma'ajiyar fasassun tukwane da tsohon turmi. Nan na ɗora raina.

Matsalar farko ruwa ce. Rijiyar gidanmu tana ta nisa, Baba yana ƙara wa guga tsawo da igiyar ɗaure kaya ta motarsa. Abin da gugan ke fitowa da shi rabi laka ne, sai an bar shi a randa ya kwanta. Kowane ruwa a gidan yana da aiki na biyu. Na wankin hatsi na akuya ne. Na wanka a tare shi a yi wanki, na wanki a wanke makewayi. Na duba na duba, ruwa ɗaya ne ba shi da mai shi: na alwala, wanda yake zuba a ƙasa ya tafi. Na samo wani tsohon daro na ajiye a inda muke alwala, na roƙi kowa ya riƙa yi a kansa.

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, amma washegari shi da kansa ya fitar da wani daron ƙofar gida, inda mazan layinmu suke jam'i a wani fili da aka kewaye da duwatsu. Daga cikin gida ina jin su.

"Malam Habu, matso kan daro mana. Tsuntsayen Malama suna jira."

"Ikon Allah. Mutane na neman na koko, ita tana gayyatar baƙi."

"To ai ba gero ta ce ka kawo ba. Ruwan da ka wanke wannan ƙafar taka ne, in sun iya sha."

Bayan kowace sallah ta rana nakan ɗauko darukan, in tace ruwan da tsumma, in juye a wata tsohuwar randa a gindin kanya. Ba shi da yawa. Amma kullum yana zuwa.

Abin shukawa kuwa, maƙwabciyarmu Maman Bose ce ta fara buɗe mini ido. Bayarabiya ce, mijinta makaniki, ta daɗe a Kano har Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta leƙa lungun, ta riƙe ƙugu.

"Ku Hausawa komai sai rana. A garinmu rabin abinci a inuwa yake girma. Wannan wurin gwaza yake so."

Ta ba ni 'ya'yan gwaza da sandunan shuwaka daga bayan ɗakinta. Ran Asabar da sassafe na tafi Tarauni da fartanya da kwando. Kududdufin da muke gani cike da bado muna yara ya bushe, ƙasarsa ta tsattsage har ƙafa tana faɗawa. A gefensa na haƙo saiwoyin gamba, busassu a sama amma da ɗan rai a ƙasa. Wani dattijo mai lambu ya sara mini reshen ceɗiya mai kauri da 'yan rassan lalle, ya ce in kafa su kawai, in Allah ya so za su kama. Na dawo da kaya niƙi-niƙi a ka, ciyawa tana rufe mini fuska. Kafin Litinin duk 'yan ajina sun ji cewa Malama ta koma kiwo.

Iya tana bakin ƙofarta tana kallona ina kai da kawowa, har lokacin da ta ga na ɗauki tsintsiya zan share lungun.

"Ajiye! Wa ya gaya miki tsuntsu yana son tsafta irin taku? Ganyen nan da ya zube, a ƙarƙashinsa abincinsu yake."

Ta dafa bango ta taso. Tun zuwanta ba ta taɓa takawa zuwa lungun ba. Ta sa na kifa mata tsohon turmin ta zauna, daga ranar kuwa na zama 'yar aikinta. Gamba a bakin katanga inda rana ke leƙowa, lalle kusa da ita. Gwaza da shuwaka a cikin duhun inuwa, kowanne a ɗan rami don kada ruwa ya gudu. Ceɗiya a kusurwa. Ta sa na jawo ƙayar magarya na tara a gefe, wai ƙananan tsuntsaye ba sa sauka inda ba su da wurin ɓuya daga shirwa. Na kawo kwano mai zurfi don ruwan sha, ta ce in mayar, nutsar da su zan yi. Ta zaɓi wani fasasshen kasko mai faɗi, ta sa na zuba tsakuwa a ciki. Sannan ta karɓi wata tsohuwar gora, ta huda gindinta da allura, ta soka tsinke a hujin, ta ce in rataye ta a reshen kanya daidai saman kaskon.

"Kunnensu ya fi idonsu. Daga sama ba za su ga kaskonki a cikin duhun nan ba. Amma za su ji ɗigar."

Umma ba ta ji daɗin rashin sharar ba. "Iya, bayan ɗaki ba shara, ga ƙaya ga ciyawa? In maciji ya shigo fa?"

"Macijin da zai zo gidan da ɓera ma ya yi ƙaura? Sai dai in gaisuwa ta kawo shi."

Doka ɗaya ta kafa, ba ta kuma taɓa sassauta ta ba. Ko ƙwayar hatsi ɗaya ba za a watsa ba, ko dusa. "Ruwa da inuwa muka yi musu alkawari. Wanda ya zuba wa tsuntsu gero a shekarar nan, Allah zai tambaye shi."

Bazarar shekarar ba na jin na sake ganin irinta. Tun da hantsi sama take yin fari fat, ba shuɗi ko kaɗan. Kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi. Iska in ta taso, kamar an buɗe bakin tanderu. Mutane daga arewa suna wucewa ta layinmu, mata da goyo, maza da sanduna ba dabbobin korawa, suna sallama a zaure suna neman ko ƙanzo. Umma takan ba su ruwa, wani lokaci ta koma madafa ta daɗe ba ta fito ba. Amma in ka zagaya bayan ɗaki, sai ka ji kamar ka shiga wata ƙasa. Sanyi-sanyi, duhu-duhu, ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da laima. Rabin lallen ya mutu. Shuwaka ta yi kamar ta tafi, sannan ta tsiro ta gefe. Wata safiya na tarar gwaza ta buɗe ganyenta na farko, kore shar, da ɗigon ruwa zaune a tsakiyarsa yana rawa. Na daɗe a tsugune ina kallonsa har na kusa makara.

Baƙinmu na farko ƙadangaru ne, sai zuma da rina. Iya ta yi ta yi mini tsiya.

"Malama, ga tsuntsayenki nan masu jan kai suna gaishe ki. Wannan wane iri ne a littafi?"

Sai gwara suka gano wurin. Bayan su bainu, mace da namiji, suna tsalle a cikin ƙayar magarya. Sannan tsada, 'yan shuɗaye, a jere a bakin kasko kamar 'yan makarantar da aka yi wa sabon ɗinki. Ranar da kurciya ta fara kuka a kan kanya da asuba, Iya ta riga kowa tashi. Na same ta a kan turminta, carbi a hannu, tana zagin su ɗaya bayan ɗaya cikin murya mai taushi.

"Kai mai jan baki, na san kakanka. Shi ya cinye mini gefen gona shekarar da aka haifi mai motar nan. Sha, sha, ɓarawo. Ke kuma uwar kwaɗayi, matsa ki ba na baya wuri."

Ta ce a riƙa kawo mata akushinta can. Tana kallonsu tana ci, ba ta sanin ta kai loma ta biyar. Ta daina tambayar yaushe za a mai da ita. Baba yakan leƙo daga kusurwar ɗaki, ya tsaya bai bari ta gan shi ba, ya koma yana share ido da hannun riga. Ni kuwa a raina na gama cin nasara. Ina koyarwa a aji, hankalina yana gindin kanya. Har nakan ji kamar duk garin yana ƙonewa, Allah ya bar mana wannan ɗan lungun ne don ya nuna mana bai manta da kore ba.

Da zafi ya kai maƙura sai waɗansu baƙi suka fara zuwa, waɗanda ban taɓa gani a cikin gari ba. Cilakowa biyu, da dogon bakinsu, suna sauka da nauyi har kaskon yana girgiza. Shaya masu sheƙi. Suda ta kwana biyu tana rera waƙa a cikin lalle. Wata rana da azahar wata 'yar kurciya siririya mai dogon wutsiya da baƙar fuska ta sauka, ta sha ruwa kamar ba za ta daina ba.

"Iya, wannan fa?"

"Bardo ne," ta ce. "Na wajenmu ne."

Ba ta zage shi ba. Ta bi shi da kallo har ya tashi. Na ɗauka kewar gida ce, na yi ta ba ta labarin makaranta don in ɗauke mata hankali.

Ba a daɗe ba kabare suka iso, rawaya masu baƙin kai, da hayaniyarsu kamar kasuwa. Gambata ta yi kore a lokacin, ita kaɗai a duk unguwar. Suka dinga tsage ganyenta siri-siri suna hawa da shi kan kanya. Kafin mako ya zagayo, sheƙuna sun fara reto a ƙarshen rassa, koraye, mazan suna rataye a ƙasansu suna kaɗa fukafukai. 'Yan layinmu har shigowa suke yi kallo.

A cikin kwanakin ne hadari ya haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin. Iska ta kwashe shanyar Umma. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka fito da duk wani abu mai baki muka tara a ƙarƙashin indararo, ƙannena suna tsalle a tsakar gida, Maman Bose tana waƙa da yarensu ta bayan katanga. Duk unguwar ta ɗauki ƙamshi. Na kwanta ranar ina jin ba abin da ya rage mini a duniya.

Da safe Baba ya zo gaisuwa. Iya tana zaune, ta yi wanka, tulun iri a gabanta.

"Malama, gaya wa mai motar nan ya zuba mai. Shuka ta yi."

Na tsaya. "Iya, ai kin ce in na kawo su za ki zauna."

"Cewa na yi ki kawo mu gani. Na kuwa gani. Kabare ba sa saƙa a banza, tun ina yarinya in suka fara sheƙa muke fitar da iri. Ga ruwa ya sauka. Bana shekarar gero ce. Faɗa masa."

"Ba zan faɗa ba."

"Ai yana ji," ta ce. "Amma ke za ki faɗa, don haka muka saba."

Na juya wajen Baba. Yana durƙushe, yana kallon ƙasa. Na ce, "Baba, wai shuka ta yi."

"Safiya, ce mata ruwa ɗaya ba damina ba ne. Ta bari a ƙara biyu ko uku. Ni da kaina zan je in shuka mata."

"Ce masa hannun da ya saba da sitiyari bai san zurfin rami ba. Ce masa gonar ubansa ba ta taɓa kwana damina ba iri ba tun da aka kai ni gidan, ba kuwa za a fara ina da rai ba. In ya hana ni, zan zauna. Amma ya sani shi ya hana."

Na maimaita masa, kalma bayan kalma, ina kuka. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Baba ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To, Iya," ya tashi ya fita, muka ji yana buɗe kan mota.

Umma ta ƙulla mata ɗan garin da ke gidan, Iya ta kwance ta rage rabi ta mayar. Kafin ta fita ta zagaya bayan ɗaki ita kaɗai. Da ta dawo ta kama kunnena ta ɗan murɗa, kamar yadda take yi mini ina ƙarama.

"Kar ki bar kaskon nan ya bushe. Kin gayyato su, sun zama naki. Ki daina kukan nan kuma, kin yi muni."

Ruwan bai dawo ba sai bayan an fid da rai, shi ma yayyafi. Kullum da la'asar hadari yakan taso, mu fito da kwanoni, iska ta zo ta watsa shi, mu mayar da su a bushe. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. A gonakin Tarauni gero ya tsiro ya kai gwiwa, ya naɗe ganye, ya yi fari a tsaye. Kabaren nan suka watse suka bar sheƙunansu, waɗansu ba a ma gama saƙa su ba. Suka bushe suka koma ruwan ƙasa, iska tana kaɗa su, lokaci-lokaci ɗaya ta faɗo cikin gwaza. Nakan ɗauka in leƙa. Ba ƙwai ko ɗaya.

Baba ya je ɗauko ta, ya dawo shi kaɗai. Ya ce ta yi shuka ta ƙone, ta sake yi da ragowar irin. Ta sa wata yarinyar maƙwabta ta gaya masa ba za ta bar gona da tsiro a ciki ba. Ya sake komawa da ɗan abin da ya samu, ta raba wa masu ƙananan yara. Wajen ƙarshen abin da aka kira damina a shekarar, wani ɗan'uwanmu ya yi sallama a zaure da hantsi, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan, in ji shi, jikin ba shi da abin da zai tare shi. An riga an kai ta.

Ban bar kaskon ya bushe ba. Na yi ta zuba wa gorar ruwa har na yi aure na bar gidan. Ceɗiyar ta kama ta yi girma, daga baya aka sare ta tare da kanyar da za a ƙara ɗakuna. Yanzu in na bi ta layin a adaidaita, shaguna ne a jere, ba na ma iya nuna inda lungun yake.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne yadda na fahimci abin a raina. Gambar da na shayar ce ta yi kore ba lokacinta ba, ta ruɗi kabare suka yi saƙa, su kuma suka ruɗi Iya. Da wannan tunanin na yi shekaru ina kwana ina tashi.

Sai bayan rasuwar Baba, Umma ta tsufa ta dawo wurina da zama. Wata rana muna tsinkar zogale a tsakar gida, hira ta kai mu shekarar fari, na faɗa mata. Ta saki reshen da ke hannunta.

"Tsuntsu ya ruɗi Iya? Safiya, abin da kike ɗauke da shi ke nan duk shekarun nan?"

Sannan ta ce, "Ranar da bardon nan ya zo, ta same ni a madafa ina kankare tukunya. Ta ce mini bardo ba ya shigowa gari. In har ya zo shan ruwa a kaskon mutane, to daji ya ƙone, bana ma ba ruwa. Na ce to ai sai ta ƙara zama. Ta ce ta ga abin da nake ci in kowa ya tashi. Ta ce ɗanta ba zai taɓa barin ta ta tafi saboda tuwo ba, amma zai bar ta saboda shuka, don haka za ta jira abin da za ta nuna masa. Ta sa na yi rantsuwa ba zan gaya masa ba."

"Ni fa, Umma?"

"Ke cewa ta yi, a bar yarinyar nan da tsuntsayenta, ta yi ƙoƙari."